Tagar da Ke Bayan Kalanda

Dubrova, Saskatchewan
5 ga Oktoba, 1987

Orest, ɗan Kawuna,

Gaisuwa mai yawa daga nan kudu. Ina fata kana lafiya, ina kuma fata gwiwar nan taka ba ta hana ka rarrafe ƙarƙashin injinan mutane a wannan sansanin naku na bakin tafki ba. Mu nan lafiya lau. An gama yankan alkama, sanyi ya fara leƙo kai. Ni ina nan laburare ina faɗa da masu naɗe kunnen shafi. Mama tana gidan tsofaffi, tana cin abinci sosai, ƙafafunta da ƙarfinsu. Kan ne ke zuwa yana tafiya. Wata rana ta lissafa maka sunan kowace saniya da suka taɓa yi a gona, washegari ta tambaye ni ko ni ce sabuwar nas. Ta cika tamanin a watan jiya.

To na gama ladabi. Gyara zama.

Ka san tun da aka rufe rumbun alkama na bakin layin dogo garin nan yake ta zubewa. Sai Lorne Fedun, wanda ya sayi otal, da Doreen Sawchuk ta kwamitin raya gari suka zauna, suka gano cewa ruwan tumatir ne zai cece mu. Sun ware rana guda, sun sa mata suna Ranar Jan Metro, wato sunan abin shan nan na otal. Sha huɗu ga Janairu, washegarin Malanka, bikin sabuwar shekararmu ta gargajiya, safiyar da maza ke shiga otal kowa riƙe da kansa kamar zai faɗo saboda giyar dare. Za a gayyato baƙi, za a kuma kafa allon tagulla a ɗakin giya. Na ga rubutun da idona: "A nan Metro Bilyk ya fara haɗa Jan Metro, 1953."

Na karanta duk abin da na samu kan irin wannan abin sha. Mutanen Paris sun ce su suka fara zuba giyar bodka a ruwan tumatir. Na New York sun ce a'a, su ne. Na Calgary sun ƙara romon wani abin teku mai ɓawo, sun ce nasu daban ne. A kowane labari akwai wani namiji tsaye bayan kanta da farar riga, dabara ta faɗo masa daga sama. Ba littafi ɗaya da ya tambayi wanda ya dafa tumatirin.

Kawu Metro, Allah ya ji ƙansa, ko ƙwai bai iya dafawa ba. Ka sani, na sani. Mama ce ta yi shekara ashirin da biyu a kicin ɗin otal ɗin nan. Tumatirin na lambunta ne, ita ke dafa shi ta tace ta rufe a kwalabe kowane Satumba. Ruwan tsamin kokwamba nata ne, tafarnuwa tata, barkono nata. Saiwar hirin kuwa, mai yajin nan da ke hawa hanci, a ƙofar baya take zama ta goge ta, hawaye na zuba har haɓa, don ba mai iya goga hirin a ɗaki a rufe. Har yau in na ji warinsa hannun Mama nake tunawa. Aikin Kawu shi ne ya tsiyaya giya a kai ya miƙa.

Ga abin da nake so. Kai ne ɗansa tilo, maganarka za ta yi nauyin da tawa ba ta yi ba. Rubuta wa Doreen layi biyu ka ce na Gwaggonka ne. Ranar ɗaya ga Disamba za a aika rubutun zuwa birnin Regina a zuba shi a tagulla, daga nan kuma shi ke nan.

Ba suna nake nema wa kaina ba. So nake Mama ta ji an kira sunanta a bainar jama'a tun tana iya gane cewa nata ne. Ban san ko sanyi nawa ya rage mana ba.

Ka sa safa biyu.

'Yar Gwaggonka,
Halya

---

Sansani na Uku
14 ga Oktoba

Halya, uwar littattafai,

Takardarki ta iso yanzu, matuƙin jirgin da ya kawo ta kuma yana tsaye a kaina yana duba agogo, don haka kada ki auna zumunci da tsawon takarda. Ina lafiya. Gwiwa tana nan tana gunaguninta. Ki rungume mini Gwaggo, ki ce mata mai satar mata cincin yana gaisuwa, wataƙila ta fi tuna ni da haka.

Ba zan rubuta wa Doreen ba. Ba yanzu ba dai. Maganar nan ba tawa ba ce da zan bayar, ba kuma taki ba ce da za ki karɓa. Akwai alkawarin da na yi wa Baba. Ki bar allon yadda yake sai kin ji daga gare ni, kuma don Allah kada ki je gaban kwamiti da wannan fuskar taki da na sani.

Zan yi miki bayani a tsanake in na samu zama. Mutumin ya fara tafiya.

Orest

---

Dubrova
26 ga Oktoba, 1987

Orest,

Na gode Allah da kake lafiya. Mu ma lafiya. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka ran Alhamis. Mama ta yi ɗan tari, ya wuce. Na isar mata da saƙonka, ta ce ba ta san ɓarawon cincin ba, amma a gaya masa ya ji tsoron Allah.

Na karanta takardarka a tsaye a gidan waya, na sake karanta ta a mota, ko zan ga wani layi da na tsallake. Babu. "Ki bar allon yadda yake." Ni da na ɗauka man inji iyakarsa farcenka, ashe ya kai zuciya.

Na je kwamiti, da fuskar tawa, don ita kaɗai gare ni. A ɗakin taron coci aka zauna. Doreen ta tarbe ni da murmushin nan nata na mai sayar da tikitin caca.

Ta ce, "Halya, ai ba wanda ya ce Misis Korol ba ta iya girki ba. Za mu sa hotonta a kusurwar mata, kusa da masu saƙa."

Na ce, "Ku sa naki, ya fi dacewa da kusurwa."

Lorne ya sa baki. "Gaskiya dai, duk dattawan garin nan sun ga Metro yana miƙa kofin nan da hannunsa."

Na ce, "Duk sun ga fadan coci yana miƙa gurasa ran Lahadi. Shi ya kwaɓa ta?"

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Doreen ta rufe littafinta ta ce, "Ke ce mai son takardu, kawo mana takarda. Ko kuma, ai mahaifiyarki tana raye. Je ki tambaye ta."

Na je. Na tarar da Mama a bakin taga tana ninke ƙyallen goge baki, ta warware, ta sake ninkewa. Na zauna na ce, "Mama, wa ya fara haɗa Jan Metro?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Metro."

Na ce, "Mama, ni ce, Halya. Na sha ganin ki a ƙofar baya kina goga hirin."

Sai ta kalli ƙofa, ta rage murya, ta ce, "Ni hannuna bai taɓa taɓa giya ba. Wa ya aiko ki?"

Na fito na zauna a mota na kusan rabin awa ban tayar da ita ba. Ciwon nan ya cinye mata sunayen jikokin ƙawayenta, ya cinye mata hanyar banɗaki, yanzu ya cinye wannan ma. Ya bar mata ƙaryar, ya tafi da gaskiyar.

Don haka bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ubanka ya yi shekara kusan talatin ana dafa masa kafaɗa ana ce masa gwani, yayarsa kuwa tana bayan bango idanunta sun yi jajir. Bai taɓa buɗe baki ya ce ba nawa ba ne. A littattafan da nake jerawa a kanta, mai yin haka ɓarawo ake ce masa. Kai kuma ka ci gadon abin sata, kana gadinsa daga nisan mil ɗari shida, ka sa masa suna alkawari.

Ina sauraron bayanin da ka ce za ka yi a tsanake. Tsanakinka dai ya san akwai ɗaya ga Disamba.

Halya

---

Dubrova
18 ga Nuwamba, 1987

Orest,

Gaisuwa. Mama lafiya, ni lafiya, garin ya daskare.

Sati biyar ke nan. Kullum ina zuwa gidan waya, har matar wurin ta daina jira in tambaya, daga nesa take girgiza mini kai. In fushi kake yi, ka yi shi a rubuce kamar mutum. In kuma wani abu ya faɗo maka a ka, ka sa wani ya rubuto, don ba ni da wani ɗan'uwa sai kai, ko da kuwa ba ka da amfani.

Saura kwana goma sha uku. Doreen ta gaishe ni a kanti jiya da fara'ar wadda ta riga ta ci.

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ka rubuto.

H.

---

Sansani na Uku
3 ga Disamba

Halya,

Ina gaisuwa, ina lafiya, ba abin da ya faɗo mini a ka sai takardunki biyu, waɗanda suka iso yau tare. Ina fata tarin Gwaggo bai dawo ba.

Ke da kika karance laburare kaf, ba ki taɓa cin karo da shafin da ya ce tafki yana daskarewa ba? Jirginmu kan ruwa yake sauka. Daga tsakiyar Oktoba ruwan ya yi ƙanƙarar da ta hana shi sauka, ba ta kuma yi kaurin da za ta ɗauke shi ba sai shekaranjiya. Sati bakwai ba shiga ba fita. Wancan jirgin da matuƙinsa ke tsaye a kaina shi ne na ƙarshe. Na ɗauka kin sani, laifina ne da ban faɗa ba. Akwai rediyo, amma duk sansanonin arewa suna saurare, ba zan baje maganar gidanmu a nan ba.

Takardar ɓarawo na karanta ta sau biyu, sannan na kunna murhu da ita. Ta ci wuta ƙwarai.

Ga abin da Baba ya gaya mini, shekara guda kafin ya rasu, muna cikin kwalekwale muna jiran kifin da bai zo ba.

Gaskiyarki, na Gwaggo ne. Safiyar bayan Malanka ta 1953 maza suka cika ɗakin giya suna nishi. Gwaggo ta tuna abin da Kaka ke ba Kakanmu bayan biki, wato ruwan tsamin kokwamba. Nata bai isa mutum ashirin ba, sai ta ƙara shi da ruwan tumatir, ta goga hirin a kai. Wani manomi ya juye nasa a kofin giyarsa, sauran suka bi. Daga nan ne.

Kin san dokar lokacin. Mace ba ta shiga ɗakin giya, balle ta yi aiki a ciki. Sai Baba ya yanka 'yar taga a bangon da ke tsakanin kicin da bayan kanta, daidai faɗin jug. Gwaggo ta ƙwanƙwasa sau biyu, shi ya buɗe ya karɓa.

Shekara na zagayowa sai ga sufeton lasisi, ba sanarwa. Ya ga kofuna ja a kowane tebur. Baba ya ce Allah ne ya taimake shi ya fizgo kalandar kamfanin alkama ya rataya a kan tagar kafin mutumin ya zagayo. Sufeto ya ce, "Wa ke haɗa wannan?" Mai otal yana tsaye yana zufa. Da an ce matar kicin ce, da ranar Gwaggo ta bar aiki, ga ta gwauruwa, ga ki 'yar shekara goma sha shida. Baba ya ce, "Ni ne. A gida nake haɗawa in zo da shi." Sufeto ya ce, "Me da me ke ciki?" Baba bai sani ba. Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Sirri ne, ranka ya daɗe." Mutanen ɗakin suka kwashe da dariya, wani ya ɗaga kofi ya ce Jan Metro. Sunan ya zauna.

Za ki ce ai doka ta canja daga baya. Ta canja. Baba ya je ya ce mata bari ya faɗi gaskiya, ita ta hana. Ita ke gasa gurasar coci, ita ke wanke mayafin bagadi. Kin san matan nan. Da sun ji cewa hannun da ke taɓa mayafin shi ke haɗa wa mazansu abin sha a ɗakin giya, da sun cinye ta ɗanya. Tun farko ma, ke kina bukatar takardar shaida daga fada kafin a ba ki ɗaki a makarantar malamai ta Saskatoon. Ta sa shi ya rantse da kabarin Kaka.

Baba bai taɓa son sunan nan ba. Ya ce duk sanda aka dafa masa kafaɗa ji yake kamar ya sa takalmin wani. Ya ce mini, "In yayata Nastia ta sake ni, ka faɗa. In ba ta sake ni ba, ka haɗiye."

Don haka da kika tambaye ta wa ya haɗa, ta ba ki amsar da ta yi shekara talatin da uku tana ba sufeto da matan coci. Ba ciwon ne ya yi magana ba, Halya. Hankalinta ne, yana nan a bakin aikinsa.

Na sa takardar Doreen a ciki, a rufe. Kada ki kai sai Gwaggo ta yarda. Kada ki tambaye ta wa ya haɗa. Ki tambaye ta ko ta saki ƙanenta.

Na san na makara da kwana biyu. Ki yafe wa tafkin.

Ɗan ɓarawo,
Orest

---

Dubrova
15 ga Disamba, 1987

Orest, ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan lafiya, da fatan murhunka bai rasa makamashi ba, don ba zan sake aiko maka da irin wancan ba. Mama lafiya, tarin bai dawo ba.

Ban iya ba da haƙuri ba, ba a koya mini ba, don haka ka karɓi wannan yadda ya zo. Na yi kuskure. Na je makabarta ran Lahadi, na share dusar da ke kan dutsen Kawu da hannun rigata, na gaya masa haka da bakina. Bai ce komai ba, wanda ya fi abin da na cancanta.

Daga can na wuce otal, na zagaya bayan kanta ba tare da na nemi izini ba. Ka san har yau akwai kalanda a wurin? Kowace shekara Lorne yana rataya sabuwa, don kawai ya tarar da ƙusa. Na ɗaga ta. Ga 'yar ƙofar katako, an shafe ta da fenti ya kai sau biyar.

Lorne ya ce, "Ni na ɗauka wurin mitar wuta ne."

Na ce, "Kawo wuƙa."

Muka kankare fentin, ta buɗe. Ta ciki kana hango murhun kicin.

Sai jiran Mama. Safiya huɗu ina zuwa ina tarar da ita a wata duniya, in sha shayi da ita in dawo. Ta biyar ina shiga ta ce, "Halya, wannan gashin naki wa ya yi miki mugunta?" Na san yau tana gida.

Na ce, "Mama, na ga tagar da ke bayan kalanda. Orest ya gaya mini komai. Kawu ya ce sai kin sake shi."

Ta kalli ƙofa. Sannan ta ce, "Pearl Holowaty ta coci tana nan?"

Na ce, "Bara aka binne ta."

"Matar mai maƙera fa, mai dogon hanci?"

"Ta fi shekara goma."

"Fada?"

"An yi uku bayansa. Na yanzu da babur yake yawo."

Ta ce, "Ke kin gama makarantar?"

Na ce, "Mama, saura kaɗan in yi ritaya."

Sai ta gyara zama, ta shafa gaban rigarta, ta ce, "To a rubuta. Amma kada a goge Metro. Shi ya tsaya gaban sufeto, sunan nasa ne, ya biya shi. Kuma a rubuta Anastasia. Nastia ta kicin ce."

Na kai wa Doreen takardarka. Ta karanta, ta yi kuka har hodarta ta zube, na ji na kusa son ta. Sai ta ɓata abin. Ta ce tun da babban allon ya riga ya tafi Regina, a yi ƙarami a kafa ta cikin kicin, wai a nan ne Misis Korol ta yi aikinta. Ka san fuskar. Na ce matar nan ta yi shekara talatin da huɗu a bayan bangon nan, ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba. Lorne, wanda ban taɓa zaton yana da ƙashin baya ba, ya ce otal ɗinsa ne, bangonsa ne, a saman tagar za a kafa, ta ɓangaren jama'a. Wani mai zane a ƙarfe a Yorkton ya ce zai gama kafin sabuwar shekara.

Yanzu abu ɗaya ya rage da ba kwamitin da zai iya yanke shi, wato irin safiyar da Mama za ta tashi da ita ran sha huɗu. Ka nemi hutu ka zo. In ba su ba ka ba, ka yi addu'a, in har ba ka manta yadda ake yi ba.

Taka,
Halya

---

Dubrova
15 ga Janairu, 1988

Orest,

Na samu katinka. Na ji injin haƙa ya karye, ba su sake ka ba. Ba komai, ban yi fushi ba, ka rubuta ranar a wani wuri don tarihi. Ina fata kana lafiya da gwiwarka. Mu nan lafiya, sai gajiya, kuma idanuna har yanzu ja suke, don na goga hirin da ya kai tsawon hannuna a ƙofar baya, cikin sanyin da ke daskarar da hawaye kafin su kai haɓa.

An yi taro. Na ƙirga mota arba'in da ɗaya a titi, rabon da in ga haka tun jana'izar Kawu. Har daga Yorkton da Canora aka zo, rabinsu riƙe da kai tun daga bikin Malanka.

Da na je ɗauko Mama da safe, ta ce, "Sannu, nas." Na sa mata rigarta mai aikin jan zare, na taje mata kai, ta bi ni kamar mai zuwa allura. A mota ta tambaye ni sau uku ina za mu.

A ƙofar ɗakin giya ta toge. Shekara ashirin da biyu ta yi a ginin nan, ba ta taɓa bi ta wannan ƙofa ba, ko bayan da doka ta canja.

Ta ce, "Wannan ta maza ce."

Lorne ya fito ba ko kwat, ya miƙa mata hannu ya ce, "Yau taki ce, Misis Korol."

Ta ce, "Kai ɗan wa ne?" Amma ta kama hannun.

Aka zaunar da ita bayan kanta, kusa da kalanda. Mutane suna ta tafi, ita tana kallon su kamar masu sayar da abin da ba ta nema ba. Doreen ta fara jawabi. Na ga abin zai wuce ta gaban Mama ba tare da ya taɓa ta ba, sai na zame na zagaya kicin. Na ɗauki jug, na tsaya inda ta saba tsayawa, na ƙwanƙwasa katakon sau biyu.

Lorne ya ce mini tana jin ƙarar ta miƙe da kanta. Ba wanda ya nuna mata. Ta cire kalandar daga ƙusa, ta miƙa wa Doreen a tsakiyar jawabi, ta buɗe tagar. Sai ga fuskarta a gabana, daidai faɗin jug.

Ta ce, "Halya. Gogawa kika yi, ko na kwalba kika sa?"

Na ce, "Gogawa na yi, Mama."

Ta kalli idanuna, ta ce, "Na gani." Ta karɓi jug ɗin.

Doreen ta yaye ƙyallen da ke kan ƙaramin allon ta karanta: "Ta wannan taga Anastasia Korol ta miƙa Jan Metro na farko, wanda ita ta haɗa, ƙanenta Metro Bilyk ya karɓa, ya kuma rufa mata asiri." Mama ta ce, "Sake karantawa, ba ki ɗaga murya ba." Doreen ta sake. Wannan karon da aka zo kan sunan, Mama ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba canjinta daidai.

Lorne ya tsiyaya giya a kan rabin kofi, yadda Kawu ke yi, ya miƙa mata. Sai a lokacin na gane abin da ban taɓa tunani a kai ba, cewa ba ta taɓa ɗanɗana shi da giya a ciki ba. Ko sau ɗaya. Na leƙo ta tagar ina kallo, dattawan gari duk sun riƙe numfashi.

Ta kurɓa. Ta juya shi a baki. Ta ajiye kofin a hankali, ta goge leɓe da ƙyallenta.

Ta ce, "Ashe haka Metro ya yi ta ɓata mini tumatir."

Na ajiye maka kwalba ɗaya a ɗakin ƙasa, da sunanka a kan murfin. Ba zan aiko ba, don ban yarda da tafkinka ba. Ka zo ka sha a nan, ba giya, a gabanta.

'Yar Gwaggonka,
Halya